Hattara da masu sayar da biza a dunƙule

Jama'a, da ɓacin rai nake rubuta wannan, domin abin a gidanmu ya faru, kuma wanda ya yi mana har yanzu yana nan yana farauta.

'Yar yayata ta gama karatun aikin lafiya, ta yi shekara biyu tana neman aiki ba ta samu ba. Wajen ƙarshen 2025 wata ƙawarta ta turo mata talla a WhatsApp: aikin kula da tsofaffi a Birtaniya, biza tabbas, masauki a shirye, tafiya cikin mako takwas. Ta kira lambar. Mutumin ya karɓe ta da lafazi mai daɗi, "ƙanwata" sama "ƙanwata" ƙasa, ya turo mata hotunan mutane a filin jirgi suna ɗaga fasfo suna murmushi. Sannan ya yanke kuɗi: fam 9,000, komai da komai a ciki. Rabi kafin alƙalami, ciko sai biza ta fito. Mahaifiyarta ta sayar da filin da ta mallaka, aka tura kwatankwacin fam 4,500 zuwa asusun da ya bayar, asusu mai sunan mutum, ba na kamfani ba. Ba wanda ya sanar da ni sai bayan wata biyu, da ya fara neman ƙarin fam 800 wai na fito da takarda.

Ranar da ta zo da wayarta ta ce, "Kawu, don Allah duba mini wannan, hankalina bai kwanta ba," tambaya ɗaya na yi mata. Na ce fam 9,000 ɗin nan na mene ne da mene ne? Ta yi shiru. Ta sake karanta saƙonninsa tun daga farko, babu inda ya rarrabe. Abin da ya rubuta kawai shi ne kuɗin ya haɗa da takardar ɗaukar nauyi, da biza, da inshorar lafiya, da "sauran abubuwa".

A nan tarkon yake, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Babu wata ƙasa da ke sayar da biza a dunƙule. Kuɗin neman biza gutsure-gutsure yake zuwa, kowane gutsure da sunansa, da wanda ake biya, da rasidinsa, kuma gwamnatin ƙasar ta wallafa shi a shafinta inda kowa zai gani kyauta. Ɗan damfara ya san idan ka zauna ka lissafa su ɗaya bayan ɗaya asirinsa zai tonu, shi ya sa yake curo maka lamba guda mai nauyi ya ce ka yi sauri, gurbi biyu ya rage.

Muka zauna ni da ita muka buɗe shafin gwamnatin Birtaniya, wato gov.uk, muka bi lissafin. Kuɗin bizar ma'aikatan lafiya da kula da marasa ƙarfi, bayan ƙarin da aka yi a Afrilun 2025, fam 304 ne a lokacin idan zaman bai wuce shekara uku ba, fam 590 idan ya wuce. Harajin lafiyar da baƙi ke biya, wanda ya koma fam 1,035 a shekara tun Fabrairun 2024, masu wannan bizar an yafe musu shi gaba ɗaya. Ke nan "inshorar lafiya" da ya saka a lissafinsa babu ita sam. Akwai fam 1,270 da ake so a gani a asusun mai nema na kwana 28 a jere, amma wannan kuɗinka ne, nunawa kake yi, ba ba wa wani kake yi ba, kuma mai ɗaukar aiki ma yana iya tsaya maka a kansa. Sai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, da jarrabawar Turanci, da tikitin jirgi. Ko ka tara su duka ka ninka, ba su kama hanyar fam 9,000 ba.

Saura takardar ɗaukar nauyi, wadda ake kira CoS, kuma ita ce jarin waɗannan mutane. Ita wannan ba ma takarda ba ce da ake riƙewa a hannu, rijista ce a kwamfuta mai ɗauke da lamba, wadda kamfanin da ya ɗauke ka aiki yake fitar maka, kuma dole kamfanin ya kasance yana da lasisin ɗaukar baƙi. Sunayen duk masu lasisin suna nan a jere a gov.uk. Kuɗin fitar da ita fam 525 ne tun Afrilun 2025, kuma kamfani ne ke biya. Tun ƙarshen Disambar 2024 an hana kamfani ɗora wannan kuɗin a kan ma'aikaci, wanda ya yi haka yana iya rasa lasisinsa. Saboda haka duk wanda ya ce ka kawo dubban fam ya sayar maka da CoS, ɗayan biyu ne: ko dai ta bogi ce, ko kuma ta gaske ce amma babu aiki a bayanta. Ta biyun nan ta fi muni a wurina. Mutum ya isa can da bashi a wuyansa, ya tarar kamfanin ba shi da aikin da zai ba shi, bizarsa kuma a ɗaure take da wannan kamfanin. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a fannin kula da marasa ƙarfi, kuma ma'aikata dubbai ne abin ya rutsa da su.

Abin da ya sa na ajiye wayar na kama kaina shi ne wannan. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta rufe ɗaukar sababbin masu kula da tsofaffi da marasa ƙarfi daga ƙasashen waje. Likitoci da ma'aikatan jinya na gaske hanyarsu na nan, amma irin aikin da ya tallata mata an rufe ƙofarsa watanni kafin ta tura masa ko kwabo. Ƙofar da aka riga aka garƙame ya sayar wa marainiya, kuma ya sani.

Na kira shi a gabanta. Ya amsa da fara'a, "Alhaji, ranka ya daɗe, ai aikin ƙanwata ya kusa." Na ce ya ba ni sunan kamfanin da zai ɗauke ta da lambar CoS ɗin. Ya ce sirri ne har sai an cika kuɗi. Na ce to ya aka yi da dokar da ta rufe wannan hanya? Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai mu muna da mutanenmu a ciki." Washegari lambar ta daina shiga, hoton da ke kanta ya ɓace.

Ku riƙe wannan kalma ta "mutanenmu a ciki", domin kusan dukkansu ita suke faɗa. Cibiyoyin karɓar takardun biza, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsu, ba su ke yanke hukunci ba, karɓa suke yi su miƙa. Jami'in gwamnatin ƙasar ne ke ba da biza ko ya hana, kuma babu ejan ɗin da zai iya yi maka alkawarin abin da zai yanke. Kuɗin nema ma ba a mayarwa idan an hana ka. Wanda ya ce maka "tabbas" ya riga ya yi maka ƙarya ta farko.

Bayan abin ya faru na bi lissafin wasu ƙasashen, don na ga salon ɗaya ne, suna kawai ake sauyawa. A Kanada, bizar ziyara dalar Kanada 100 ce, ɗaukar zanen yatsu 85, izinin karatu 150, izinin aiki 155. Abin da 'yan damfara ke sayarwa a can shi ne LMIA, wato takardar da ke nuna kamfani ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba. Kuɗinta dalar Kanada 1,000 ne a kan kowane gurbi, kamfani ke biya, kuma doka ta hana shi karɓa daga hannun ma'aikaci. Cinikinta ya yi yawa har a Maris na 2025 Kanada ta cire makin da ake ƙara wa mai tayin aiki a tsarin Express Entry, wato tsarinta na zaɓar ƙwararrun da za a ba izinin zama na dindindin. Sannan a Kanada ba kowa doka ta yarda ya karɓi kuɗi don ba da shawarar shige da fice ba, sai lauya ko mataimakin lauya mai rijista, ko notare (mai shaidar takardun shari'a) na lardin Kebek, ko mai lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawarar shige da fice, wadda ke da rijistar da za ka duba sunan mutum da lambarsa. Ka tambayi ejan ɗinka lambar lasisinsa, ka ga yadda fuskarsa za ta yi.

Amurka kuwa bizar ziyara dala 185 ce tun Yunin 2023, ɗalibi kuma yana ƙara dala 350 na SEVIS, wato rijistar ɗalibai baƙi, cike takardar neman biza ta DS-160 kuma ba a biyan gwamnati komai a kansa. Masu shiga cacar DV ta samun katin zama a Amurka sun fi kowa shan wahalar 'yan damfara. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ba ta aika wa kowa wasiƙa ko imel cewa ya ci, kai ne ke shiga shafinsu da lambar da aka ba ka ranar da ka cike ka duba. Dala 330 ɗin da wanda aka zaɓa ke biya a ofishin jakadanci ake biyanta ranar ganawa, ba ta asusun wani ba. Kuma haifaffun Najeriya an cire su daga wannan caca tun zagayen 2015, amma har gobe ana karɓar kuɗin mutane da sunan cike musu. Bizar Shengen ta Turai yuro 90 ce ga babba tun Yunin 2024, tare da inshorar tafiya da za ta iya ɗaukar yuro 30,000. Waɗannan kuɗaɗe ana ƙara su lokaci zuwa lokaci, don haka ranar da za ka biya ka koma shafin gwamnatin ƙasar ka duba na ranar. Ka kuma lura da adireshin shafin da kyau, domin akwai na bogi masu tuta da tambari da suka fi na gaske ƙyalli.

Akwai wani ɓangaren da ya fi asarar kuɗi, kuma ban cika jin ana maganarsa ba. Da yawa daga cikin ejan-ejan ɗin nan sukan ce kada ka damu da bayanan asusun banki, su za su "gyara" maka, ko su haɗa maka takardar wurin aikin da ba ka taɓa yi ba, ko takardar auren da ba a ɗaura ba. Sunanka ne a kan fam ɗin, kai ne ka sa hannu, kuma kai za a hukunta. Birtaniya na iya hana mai yaudara shiga har shekara 10. Kanada shekara 5. Amurka kuwa wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu, haramcinsa na har abada ne, sai in ya samu yafiya ta musamman. Cewa "ejan ne ya cike mini" ba ta cika fitar da mutum ba, tunda zanen yatsunka yana wurinsu, wasu ƙasashen kuma suna musayar bayanai a tsakaninsu. Mu a nan muka yi wa Allah godiya, domin mutumin bai ma shigar da komai da sunanta ba. Kuɗi ya ci, bai ɓata mata fasfo ba.

Ba ina cewa duk mai taimaka wa mutane da takardun biza ɓarawo ba ne. Akwai masu gaskiya, kuma wanda bai saba da fam-fam ɗin nan ba yana da haƙƙin ya biya a taimaka masa. Amma mai gaskiya zai rubuta maka la'adarsa daban, kuɗin gwamnati daban, ya bar ka ka biya na gwamnati da kanka ko ya ba ka rasidin da ke ɗauke da sunanka. Zai buɗe asusun neman bizar da imel ɗinka, ya ba ka kalmar sirrin, ba zai riƙe fasfonka a aljihun teburinsa ba, kuma zai gaya maka ƙarara cewa ana iya hana ka. Idan ka ce a rarraba maka lissafi mutum ya fara fushi, ko ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka tashi ka kama gabanka.

Yayata ba ta sake maganar filin ba, kuma shirun nata ya fi min ciwo fiye da in ta yi kuka. Yarinyar kuwa kunya ce ta hana ta faɗa tun farko, kuma wannan kunyar ce ta ba shi wata biyu. Idan kai ma ka riga ka tura, kada ka ƙara ko sisi da sunan ceto na baya. Ka ɗauki hoton duk hirarku kafin ya goge, ka adana rasidin tura kuɗin da lambar asusun, ka je bankinka a ranar, sannan ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar da ke yaƙi da zamba. Mun yi haka, muna jira. Ka kuma shirya wa zagaye na biyu: kwana kaɗan bayan lambar ta mutu, wani ya kira ta yana cewa shi jami'i ne mai ƙwato kuɗin waɗanda aka damfara, a turo kaso goma cikin ɗari ya fara aiki. Ba mu ba kowa lambarta ba, kun san daga inda ya same ta.

Makon jiya ƙawar tata ta sake turo mana wani talla da ke yawo a Facebook. Sunan kamfanin ya sauya, lambar waya ta sauya, ƙasar ta koma Kanada, aikin ya koma na gona, LMIA a shirye, gurbi uku ya rage. Hotunan mutanen da ke ɗaga fasfo a filin jirgi kuwa su ne dai waɗanda ya turo wa 'yar yayata.