BMW 335i: a ƙara wa inji ƙarfi, ko a sa kuɗin a taya da birki?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda 335i ɗinka ta 2008 ce kuma kuɗin hannunka na aiki ɗaya ne, ko tiyunin (wato taɓa ƙwaƙwalwar mota, kwamfutar da ke sarrafa inji, don a ƙara masa ƙarfi) ko gyaran ƙafa, to ka sa su a ƙafa: taya, birki, da abin da ke sanyaya inji. Ni ma irinta nake hawa, kuma duka biyun na yi mata.

Hakkin tiyunin dai a ba shi. Injin N54 da ke cikin motarka lita 3 ne, silinda shida a jere, turbo biyu, ya fito da ƙarfin doki wajen 300, kuma da an taɓa ƙwaƙwalwarsa an canza salansa da intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke hurawa) yana doshin 400. Za ka ji bayanka ya manne da kujera. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Matsalar tana gidan mai. Taswirar, wato saitin inji, da masu laftop ke loda wa ƙwaƙwalwar motocinmu galibi don Amurka aka rubuta ta, za ka ga an sa mata 91 ko 93. Mai laftop ɗin zai ce maka ai fetur ɗinmu ma 91 ne, ya yi daidai. Bai yi ba. Amurka da ma'aunin AKI suke rubuta okten, wato juriyar fetur ga fashewa kafin lokaci, mu kuma da RON, kuma 91 ɗinsu ya kai kusan 95 a namu lissafin, 93 kuwa kusan 98. Namu yana wajen 90 zuwa 91 ne a RON, shi ma idan ba a yi masa gauraye a hanya ba. To ka ɗauki turbo da ke hura iska da matsin psi 8 daga kamfani, ka kusan ninka shi, ka ba shi wannan man, a zafin Afrilu na Kano da ke wuce digiri 40. Man zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, ƙwaƙwalwar motar ta ji, ta ja da baya don ta ceci fiston. Dokin da ka biya kuɗi ka saya ba ka samu ba da rana tsaka, sai da asuba ko cikin sanyin hunturu. Ranar da ta kasa ja da baya da wuri kuwa, sai a sauke inji.

Ni ban kai ga sauke inji ba, Allah ya tsare, amma bayan tiyunin na zama ɗan gida a garejin bakanike. Bututun roba da ke kai iska cikin inji ya fashe, kwayil suka bi ɗaya bayan ɗaya, fulogi ba ya daɗewa, motar na shiga yanayin ɗingishi, wato ta rage ƙarfin inji da kanta, a go-sulo da zarar baƙin mai ya yi zafi. Wanda ya loda taswirar kuma ya daina ɗaga waya. Da na mayar da ita yadda kamfani ya yi ta, yawancin rigimar ta kwanta.

Gyaran ƙafa shi ne wanda har yau nake yi wa addu'a. Na cire tayoyin run-flat (waɗanda ke iya ci gaba da tafiya bayan sun yi faci) masu tauri da ta zo da su, na sa Michelin Pilot Sport 4 sababbi guda huɗu, na canza fad da faifan birki, aka zubar da tsohon man birki aka zuba DOT 4, aka sabunta bushin da shok na gaba. Motar ta zama wata daban. Sitiyari ya daina rawa, ramukan cikin gari suka daina dukan ƙugu, maiɗakina da ta ƙi jinin motar ta fara cewa a ɗauke ta a tafi unguwa. Wata rana da damina muna dawowa daga Zariya bayan la'asar, an yi ruwa titi a jiƙe, sai ga garken shanu ya faɗo hanya daga bayan wata tirela da ta lalace. Na taka birki da iya ƙarfina. Motar ba ta karkace ba, ba ta yi ja ba, ta tsaya cak ina kallon idon saniya ta gilashi. Yara a baya ba su ma farka ba. Da tsofaffin tayoyin nan ne, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare, kuma ƙarin doki ɗari babu abin da zai tsinana mini a wurin.

A cikin kuɗin ka ware na famfon ruwa. Na wannan injin na lantarki ne, kuma ba ya sallama in zai mutu. Idan ba ka san yaushe aka canza shi ba, canza shi tare da tamostat. Ka leƙa ka ga ko motarka na da kular baƙin mai, wato na'urar da ke sanyaya shi, don wasu na farkon da suka fito daga Amurka ba su da ita. Kada ka bari a ruɗe ka da matatar iska mai buɗaɗɗen baki saboda ƙara, ƙurar hunturu za ta sha. Kada kuma ka sassauke motar ƙasa, tudun rage gudu na unguwanni zai cinye maka bamba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da 'yan kasuwa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko Apo ta Abuja, ko a turo maka daga Ladipo ta Legas. Akwai masu amana, akwai kuma masu wanke tayar Beljiyam su shafa mata baƙi su ce sabuwa ce. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ka ga an kankare wurin, juya ka tafi. Fulogi da kwayil na jabu sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau. Sannan duk wanda ya matsa maka lallai a cire indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, don mota ta numfasa, tambaye shi wa zai tafi da wanda aka cire, don ana sayensa da tsada saboda ƙarafan da ke ciki.

Ka kuma tuna da ranar sayarwa. Dillali na jin an taɓa ƙwaƙwalwar mota zai karya farashi, amma sababbin tayoyi da rasit ɗin birki shi da kansa zai riƙa nuna wa mai saye.

Ka fara da tayoyi huɗu iri ɗaya a wannan watan, birki da famfon ruwa su biyo baya. In canji ya ragu, kai ta a wanke bawul ɗin shigar iska, don injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda yana tara baƙin gawayi a wurin, kuma motar 2008 da wuya a ce an taɓa buɗe mata shi.