Hattara da imel ɗin da ke cewa za a rufe maka akawun

Jama'a don Allah ku tsaya ku karanta, shekaranjiya da daddare saura ƙiris a wanke ƙanina tas. Imel ne ya shigo masa da tambarin bankinsa, kala da komai sak, wai BVN ɗinsa bai dace da NIN ba, in bai danna link ya gyara cikin awa 24 ba za a rufe akawun. Shi kuma kuɗin atamfar da zai saro a Kantin Kwari ne a ciki, hankali ya tashi, kawai ya danna.

Shafin da ya buɗe ya nemi lambar katin ATM, ya saka, ranar da katin zai mutu ya saka, lambobi 3 ɗin nan na bayan kati ya saka, har PIN wallahi! Ana jiran OTP ne, wato lambar sirrin da banki ke turowa ta waya kafin a cire kuɗi, na shigo ɗakin na ce kai miye haka, na fizge wayar. Ashe a daidai lokacin ɓarayin na can suna ƙoƙarin cire kuɗin, lambar nan kaɗai ta rage musu.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne tana da tushe, da gaske a Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ba da umarnin a haɗa akawun da BVN ko NIN, to shi 'yan damfara suka riƙe suna tsorata mutane. Amma banki ba ya tambayar PIN ko OTP, ba ta imel ba, ba ta waya ba, ko ma'aikacin da ke zaune a kanta bai isa ya tambaye ka ba.

Da na taɓa sunan mai aikowa sai ga adireshin gaskiya ya fito, sunan bankin ne amma an ƙara harafi ɗaya a tsakiya, in ba ka zuba ido ba ba za ka gani ba. Wasu ma ƙiri-ƙiri da Gmail suke turowa. Kuma ko sunan yaron ba su kira ba, bankin da ya san har ranar haihuwarka.

A daren muka kira lambar da ke bayan katin aka toshe shi. Da safe muka je reshe, ma'aikaciyar bankin ta duba kwamfuta ta ce akawun lafiya lau, BVN ɗin ma tun tuni a haɗe yake. Sabon kati kawai ya biya.