Abincin kyanwa na awo: arahar da ta kusa raba ni da muzuruna

Shekara shida ke nan ina kiwon kyanwoyi a gidanmu da ke Rikkos, cikin garin Jos, kuma a yanzu guda biyu gare ni: wata mace mai dabbare-dabbare da yara suka raɗa wa suna Gimbiya, da wani muzuru ruwan toka da muke kira Ɗan Toka, wanda na tsinta a bayan shagon mai niƙa tun idonsa bai gama buɗewa ba. Tun suna ƙanana na saba musu da busasshen abincin nan na buhu da ake shigowa da shi daga waje, da dare kuma in farke musu leda ɗaya ta mai romo su raba. A haka muke har tsakiyar shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira, duk wani abin da ake sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabo. Duk mai kyanwa a garin nan ya san yadda kuɗin buhun ya koma, ba sai na faɗa ba. Ni malamar firamare ce, kuma albashin da ake ciyar da yara huɗu da shi ba zai iya bin farashin da ke sauyawa duk wata ba. Na yi ta lallaɓawa ina rage awo, har zuwa farkon hunturun da ya wuce.

A lokacin ne wata maƙwabciyata ta tura mini lambar wani mai shago da ke tallar kayan dabbobi a WhatsApp. Ba zan kama sunansa ko na shagonsa ba. Shi ba ya sayar da buhu a rufe. Babban buhu yake sarowa ya riƙa aunawa a farar leda, a kan kusan rabin abin da na saba biya. Da na tambaye shi ko wane iri ne, sai ya ce, "Hajiya, abu ɗaya ne da wanda kika saba saye, a can kuɗin leda mai ƙyalli da hoton kyanwa kawai kike biya." Maganar ta shige ni, domin haka muke sayen shinkafa da madarar gari a awo, ba mu taɓa ganin aibu ba.

Gaskiya a makonnin farko na yaba masa, har na tallata shi ga mutum biyu, abin da har yau yake damuna. A ranar da na tura kuɗi ya aiko mai keke da kayan, awon ya cika, ya kuma yi mini gyara. Na lura ƙwayoyin sun fi na da girma da tauri, suna kuma ɗan warin tsohon mai, amma Ɗan Toka, wanda dama ba ya ƙin abinci, ya dirar musu nan take. Gimbiya ce ta yi kwana biyu tana shinshinawa tana juya baya kafin yunwa ta sa ta haƙura. Ganin sauƙi ya samu, sai na daina sayen mai romo gaba ɗaya, na bar su da busasshen safe da yamma.

A mako na bakwai abin ya faru. Watan Janairu ne, sanyin Jos ya kai inda ya kai, ruwan da ya kwana a kwano kamar an ciro shi daga firji. Bayan sallar isha'i na ga Ɗan Toka yana ta zarya zuwa tiren yashinsa, ya tsuguna ya daɗe yana yunƙuri, ya tashi ya koma gefe yana lasar ƙasansa, can kuma ya sake komawa yana wani irin kuka mai tsawo da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da na haska yashin da fitilar waya, ɗigo biyu ko uku kawai na gani, su ma da ja-ja a jikinsu. Na ɗauka bayan gida ne ya yi masa tauri. Surukata, wadda ita ma take ƙaunarsa duk da faɗan da take yi masa a kan hawa darduma, ta ce in ɓallo rabin farasitamol in jiƙa in ɗura masa ko zai samu barci. Har na ɗauko, sai zuciyata ta ƙi, na ce, "Inna, mu bari gari ya waye." Kafin asuba ya yi amai sau biyu, ya shige ƙarƙashin gado ya lafe, kuma da na jawo shi na taɓa ƙasan cikinsa sai na ji wani abu zagaye mai tauri kamar lemun zaƙi, ya saki ƙara ya nemi ya cije ni, shi da bai taɓa ko yaƙusata ba.

Ban je makaranta ba ranar. Na naɗe shi da tsohon zane na sa a kwali, muka hau keke zuwa asibitin dabbobi. Likitan yana laluba cikin ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hajiya, yaushe rabonsa da fitsari?" Na rasa amsa, domin ban taɓa sanin abin lura ba ne. Ya ce hanyar fitsarinsa ce ta toshe, mafitsara ta cika ta yi tam, kuma muzurun da ya toshe haka zai iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku, saboda dattin da ya kamata ƙoda ta fitar yana taruwa a jini har ya taɓa bugun zuciya. Suka yi masa allurar barci, suka zura masa wata siririyar roba, fitsari ya fara fitowa jawur kamar zoɓo. Likitan ya ɗiga kaɗan a kan safar hannunsa ya murza ya nuna mini, na ga wasu 'yan ƙwayoyi farare kamar rairayi mai laushi. Kwana uku ya yi a can ana yi masa ƙarin ruwa, ni kuma kullum in an tashi daga makaranta in biya in same shi kwance da roba a ƙafar gaba, ya ɗago kai da ƙyar idan ya ji muryata. Abin da na biya ya fi kuɗin buhu huɗu na abincin da na gudu daga gare shi, sai da na ci bashin adashi.

Da na ba likitan labarin farasitamol ɗin, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce in gode wa Allah, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ko ɗan ɓari yana iya kashe ta. Ya kuma zaunar da ni ya yi mini bayanin da na so a ce na ji tun shekara shida baya. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta busassun yankunan arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya take, saboda haka ba ta da yawan jin ƙishirwa, mafi yawan ruwanta daga jikin abin da ta farauto take samu. Ɓera kusan kashi 70 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, abincin leda ko na gwangwani yana da kashi 75 zuwa 80, shi kuwa busasshe bai wuce kashi 10 ba. Kyanwa mai nauyin kilo huɗu tana buƙatar ruwa kimanin mililita 200 a rana, wato ƙasa kaɗan da rabin ledar fiya wata, kuma idan ba ta samu ba fitsarinta yakan yi kauri har ƙwayoyin nan masu kama da rairayi su haɗu. Muzuru ya fi shiga haɗari saboda hanyarsa ta fi ta mace tsawo da ƙunci.

Likitan ya yi adalci, bai ɗora wa abincin laifi shi kaɗai ba. Ya lissafa sanyi, da ƙibar da Ɗan Toka ya yi, da zamansa a ɗaka, da yanke mai romo da na yi lokaci ɗaya. Na fito daga asibitin zuciyata ta yi sanyi game da mai shagon, ina ganin kaso mafi girma nawa ne, kuma da a ranar na rubuta wannan sharhi da cewa zan yi abincin ba laifi, a dai haɗa shi da ruwa.

Sai dai likitan ya nemi in ɗauko masa hoton rubutun da ke jikin buhun, don ya ga abin da aka haɗa a ciki. Wannan ne ya kai ni shagon da ƙafata a karon farko. Na tarar da yaron shago, na ce ya nuna mini buhun da ake auna mini. Ya shiga ciki ya jawo wani ƙaton buhu wanda bakinsa ke buɗe, ba a ko ɗaure ba, a jikinsa kuwa ga hoton kare ɓaro-ɓaro, ya zaro harshe. Mako bakwai abincin kare nake zuba wa kyanwoyina. Da mai shagon ya iso na nuna masa, ko gezau bai yi ba, cewa ya yi, "Haba Hajiya, ai duk dabba dabba ce, kuma ba ga shi sun ci ba?" Na ce, "Malam, da bakinka ka ce mini na kyanwa ne." Ya ce in ban so in daina saye. Bai ba ni haƙuri ba, bai tambayi lafiyar muzurun ba, balle a yi maganar mayar da kuɗin ledar da ta rage.

Wannan amsa ita ce ba zan yafe da sauƙi ba, domin duk dabba ba dabba ɗaya ba ce. Kare yana iya rayuwa da haɗin hatsi da nama, kyanwa kuwa maciyar nama ce zalla, tana buƙatar furotin fiye da kare, kuma akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya samar da isasshe, dole ta same shi daga abinci. Rashinsa yana lalata ganin ido a hankali, yana kuma sa tsokar zuciya ta saki. Tun a 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, suka gano alaƙar rashin sinadarin taurin da wannan ciwon zuciya na kyanwoyi, daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin kyanwa. Abincin kare ba a tsara shi a kan wannan buƙata ba. Da toshewar fitsarin ba ta tona asiri ba, da na ci gaba da ba su har wata shida ko shekara, ina murna na samu sauƙi. Ga kuma buhun da aka bari a buɗe iska da ƙurar hunturu suna shiga, man da ke jikin ƙwayoyin yana lalacewa, wanda shi ne warin da na ji tun ranar farko, kuma a farar leda babu inda mutum zai duba ranar ƙarewar wa'adi. Mu da muka taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ta ba ta abinci ba, mun san ciyar da abin da ka ajiye a gidanka amana ce, kuma wanda ya sayar maka da abincin da ƙarya ya sa hannu a cin amanar.

Yanzu na koma sayen ƙaramin buhu a rufe, mai hoton kyanwa, kuma sai na duba na ga an rubuta "complete" a jikinsa, alamar cikakken abinci ne, tare da ranar ƙarewa. Na ƙirga na ga ciyar da su da mai romo zalla ya fi ƙarfina, tunda leda ɗaya giram 85 ce, kowace kyanwa tana buƙatar kusan uku a rana, su biyu leda 180 ke nan a wata. Su ma ledojin ina da ƙorafi a kansu, domin wasu idan ka farke romo ne fal da 'yan tsokoki da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ga shi rabin da ya rage sai da firji, wutar kuwa kowa ya san halinta. Don haka leda ɗaya nake raba musu da dare, in ƙara cokali uku na ruwan ɗumi in dama, su lashe tas. Da safe nakan auna musu busasshen kimanin giram 40 kowanne, in ɗan jiƙa na Ɗan Toka, abin da bai ci ba cikin rabin awa in kwashe.

Ranar Asabar idan na je cefane Farin Gada nakan biya wurin 'yan kaji in sayi zuciya da ƙundu, in dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi, musamman ba albasa ba tafarnuwa, saboda suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Zuciyar kaza tana da sinadarin taurin sosai, romon kuma yana sa su sha ruwa ba tare da sun sani ba. Hanta sau ɗaya a mako, ita ma ɗan yanki, kuma ba na ba su dafaffen ƙashi don yana tsagewa. Na hana yara zuba musu madara, wadda zawo kawai take sa su. Kwanukan ruwa uku na ajiye, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a falo, ɗaya kusa da ɗakin Inna, wadda ita ce yanzu take sauya ruwan da mai ɗumi bayan sallar asuba. Kuɗin wata ya fi na awo, amma bai kai na da ba.

Ɗan Toka ya warware, sai dai likitan ya ce wanda ya taɓa toshewa yana iya sake toshewa, shi ya sa duk safiya kafin in fita sai na tsuguna na tona yashinsa na ga girman inda ya jiƙe. Ledar da ta rage na kai wa maigadin makarantarmu, mai kare biyu, na kuma gaya masa ko mene ne a ciki. Mutum biyun da na tallata musu na kira su na ba su haƙuri, ɗaya daga cikinsu ma muzuru gare ta. Shekaranjiya kuma na ga mai shagon ya sake ɗora hoton fararen ledojin nan a WhatsApp, ya jera su a kan tebur, ya manna hoton wata farar kyanwa mai shuɗin ido a gefe. Na ɗauki hoton buhun karen da ke cikin wayata na tura wa maƙwabciyar da ta ba ni lambarsa, na roƙe ta ta tura wa duk wanda ta taɓa ba.