Ɗaga bayan babur ɗin ƙanƙara: a ƙera ƙarfen a gida ko a saya?

Wanda ya sayi tsohon babur ɗin dusar ƙanƙara a Minnesota ta Amurka ko Kebek ta Kanada yakan tarar bayansa ya zauna, musamman in zai yi goyo ko ya ja kaya. Ƙarƙashin wurin zama akwai wani kwari na alminiyam, a cikinsa ake ɗaure firam ɗin da bel ɗin roba ke zagayawa, wato bel ɗin da ke tura babur a kan ƙanƙara maimakon tayar baya. In aka sauko da inda ake ɗaure firam ɗin ta baya, sai jikin babur ya tashi. Ana yin haka ne da farantan ƙarfe biyu da ake ɗaurawa a jikin kwarin, ɗaya dama ɗaya hagu.

Kafin ka kashe ko sisi, leƙa sifirin. Yawancin baburan Polaris, Ski-Doo da Arctic Cat suna da ɗan abin murzawa da ke ƙara masa tauri. Sau da yawa sifirin ne ya gaji ko shoka ta zubar da mai, kuma faranti ba ya maganin wannan: babur zai yi tsayi a tsaye, kana hawa ya sake durƙushewa.

In sifirin lafiyarsa ƙalau, kana dai neman sarari don bel mai dogayen haƙora kada ya riƙa gogar bututun sanyaya inji da ke cikin kwarin, to zaɓi ya rage biyu: ka sayi farantin ko ka ƙera shi a gida.

Na sayarwa yakan zo da ramukansa a huje daidai da samfurin babur ɗinka. In akwai na naka, ni shi zan ce ka ɗauka. Matsalar ita ce tsofaffin babura ba kullum ake samun nasu ba.

Na gida yana da araha, amma yana son natsuwa. Nemi farantin alminiyam mai ƙarfi, nau'in da ake kira 6061-T6, mai kaurin kwatan inci, wato milimita 6 da 'yan kai, ko baƙin ƙarfe in ba ka damu da nauyi da tsatsa ba. Ka fara yanka siffar a kwali. Ka haɗa farantan biyu ka matse su, ka huje su lokaci guda, domin in rami ɗaya ya goce ko kaɗan, bel zai riƙa karkata gefe yana cin robar da yake sulɓi a kanta. Kada ka rataye faranti da kusa ɗaya. Alminiyam ɗin kwarin siriri ne, zai yage. Ka ba shi kusa uku ko huɗu masu ƙarfi, ka shafa musu Loctite, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, don girgiza tana kwance noti.

Inda nake yawan jan kunnen mutane shi ne zari. Sauko da firam inci 1 zuwa 2 ya isa. Duk abin da ka ƙara a baya, nauyinsa kan takalman gaba yake sauka, wato takalman sulɓi biyu da ake juya babur da su, sai kan babur ya yi tauri, kafaɗa ta gaji tun ba a yi nisa ba. Kuma sabon ramin ya bi yadda hannun firam ke lanƙwasawa, ba a miƙe ƙasa kawai ba. Bayan ka ɗaure, ɗage bayan babur sama, ka sake saita taurin bel, ka juya shi a hankali ka ga ya zauna tsakiya. In ka dawo daga fitar farko, sake bin kusoshin da sifana ɗaya bayan ɗaya.