Miksar tsaye a kicin: yadda tawa ta yi da kek, da yadda ta yi da burodi

Miksar da nake aiki da ita irin mai ɗaga kai ce, wato wadda ake ɗaga kanta sama a ciro kwano ko a sauya mabugi. Jikinta ƙarfe ne, kwanonta yana cin kusan lita 5, kuma ta zo da mabugai uku: mai faɗi na haɗa bota da sukari, mai wayoyi na buga ƙwai da kirim, sai ƙugiyar murza kwaɓin burodi. Na daɗe da ita, na gasa abubuwa iri-iri, don haka zan iya faɗin ra'ayina kai tsaye. A wajen kek da biskit da kirim ba ni da ƙorafi ko kaɗan. A wajen burodi tana yi, amma tana da iyaka, kuma iyakar nan ita ce ya kamata mai niyyar saye ya fara dubawa kafin launi, kafin yawan kayan da aka cusa a kwali, kafin ma lambar wat da ake rubutawa da manyan baƙaƙe.

Zan fara da maganar wat, domin ita ta fi ruɗa mutane. Lambar nan tana nuna yawan wutar da injin yake ja ne, ba yawan ƙarfin da yake kai wa ƙugiya ba. Akwai miksocin KitchenAid masu ɗaga kai da aka rubuta musu wat 300, akwai na Kenwood Chef masu wat 1000 ko fiye, kuma duka biyun mutane suna kwaɓa burodi da su shekara da shekaru. Kowane kamfani da yadda yake ƙera injinsa da yadda yake haɗa shi da giya, wato ƙafafun nan masu haƙora da ke kai juyin inji ga mabugi. Na taɓa aiki da wata miksa mara nauyi a gidan 'yar'uwata, jikinta roba, lambarta ta haura wat 1000. Ƙwai kam tana buga shi cikin ƙiftawar ido. Da aka zuba mata kwaɓin fulawa rabin kilo sai muryarta ta canja, jikin ya shiga karkarwa, dole mutum ya dafe ta da hannu biyu. Tawa da lambarta ba ta kai rabin wannan ba takan juya irin kwaɓin nan a natse. Abin da burodi yake buƙata shi ne ƙarfin juyi a ƙaramin gudu, kuma wannan daga giya da ingancin inji yake fitowa. Lambar da ta fi amfani tana cikin littafin da ke zuwa da miksar: nauyin fulawa ko nauyin kwaɓi mafi yawa da kamfanin ya yarda a zuba a lokaci ɗaya. Kamfanin da ya rubuta wannan lamba a fili ya fi kwanta mini a rai.

Yadda mabugin yake yawo a cikin kwano shi ne abin da ya fi burge ni tun farko. Yana juyawa a kan kansa, a lokaci guda kuma yana kewaya kwanon ta ɗaya ɓangaren, kamar yadda duniya take juyawa tana kuma kewaya rana. Saboda haka ba ya bin hanya ɗaya sau biyu a jere, yana taɓa kusan ko'ina. Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin Hobart na Amurka, wanda ya fara da manyan injinan gidajen burodi, shi ya fitar da ta gida da sunan KitchenAid a 1919, sannan Kenneth Wood ya fito da Kenwood Chef a Ingila a 1950. Yawancin miksocin tsaye da ke kasuwa yau, masu tsada da masu araha, wannan tsarin suke bi.

A kek, amfaninta ya fi fitowa wajen buga bota da sukari. Aikin yana son minti 4 zuwa 5 a matsakaicin gudu, har botar ta yi fari ta yi laushi, domin ƙwayoyin sukari suna huda ta suna shigar da iska, iskar nan kuma ita ce take taimaka wa kek ya tashi a obin. Da miksar hannu mutum yakan gaji ya tsaya kafin lokaci, shi ya sa kek yake fita da nauyi. Da ta tsaye sai a kunna, a juya a shafa mai a gwangwani, a tankaɗe fulawa, a fasa ƙwai. Hannu biyu duk a sake suke. Sai dai miksa ba ta gyara botar da ba ta dace ba. In ta fito daga firiji da tauri, dunƙulewa za ta yi a jikin mabugi. In ta narke ta zama mai, ba za ta riƙe iska ba. Tana son ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta amma da sauran sanyi, wajen digiri 18 zuwa 20. Kuma da zarar fulawa ta shiga, a koma gudu mafi ƙanƙanta, a kashe da wuri. Injin ba ya gajiya, don haka yana da sauƙi ya wuce da kwaɓin kek har ya yi danƙo.

Abin da ban so ba a nan shi ne sai an riƙa tsayawa ana kankare gefen kwano da ƙasansa. Mabugin ƙarfe ba ya taɓa jikin kwano, da gangan aka bar ɗan tazara, bota kuma takan laƙe a wurin. In ba a kankare ba, za a ga zane-zanen bota a cikin kek bayan ya gasu.

Farin ƙwai da kirim kuwa wasa ne a wajenta. Farin ƙwai huɗu yakan tashi ya yi kumfa mai tsayawa cikin 'yan mintuna, matuƙar kwanon ba shi da ko ɗigon maiƙo kuma gwaiduwa ba ta faɗa ciki ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na fi son kwanon ƙarfe mara tsatsa a kan na roba, domin roba tana riƙe maiƙo ko an wanke ta. Inda take gazawa shi ne abu kaɗan. Farin ƙwai ɗaya kwanciya yake yi a ƙasa, wayoyin suna wucewa ta samansa. Akwai ɗan sukuru a wuyan miksar, inda kai yake haɗuwa da jiki, wanda ake murɗawa a sauke mabugin ko a ɗaga shi. Da na daidaita shi abin ya yi sauƙi, amma har yau in abu kaɗan ne miksar hannu nake ɗaukowa. Ba kowace miksa ce ake iya daidaitawa ba, ya kamata a tambaya.

To, burodi. A nan ne ake gane miksa.

Kwaɓin fulawa giram 500 da ruwa kusan mililita 325 ba ya ba ta wahala. A gudu na biyu, cikin minti 6 zuwa 8, kwaɓin yakan tattara kansa, ya share jikin kwano, ya yi santsi. In aka gutsuri kaɗan aka ja shi tsakanin yatsu yakan miƙe ya yi siriri har haske ya ratsa shi bai yage ba, alamar danƙon fulawar ya haɗu ke nan. Burodi mai yawan bota da ƙwai, wanda yake manne wa hannu ya sa mutum ya yi ta ƙara fulawa har ya ɓata shi, shi ne ya fi cin moriyar miksar. Ana jefa botar kaɗan-kaɗan ƙugiya tana murzawa, kwaɓin ya yi kamar ya lalace, can sai ya haɗe ya yi sheƙi. Ko don wannan kaɗai ban yi nadamar sayenta ba.

Matsala tana farawa ne in fulawa ta doshi kilo ɗaya, ko kwaɓin ya zama mai tauri, mai ƙarancin ruwa, ko aka yi shi da fulawar alkama da ba a cire mata dusa ba. Kan miksar yakan fara ɗagawa yana sauka duk da an kulle shi. Jikin yakan yi zafin da ba a son barin hannu a kai. Wani lokaci tana matsawa a kan tebur kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba na barin kicin in tana murza burodi, kuma ba na ajiye ta kusa da baki. Kwaɓin yakan hau ƙugiya ya nannaɗe ta, yana zagayawa kawai ba a murza shi, sai an kashe an sauko da shi. Ƙugiyata irin mai lanƙwasa ɗaya ce. Mai murɗaɗɗen jiki ta fi, domin tana danna kwaɓin ƙasa maimakon ta ja shi sama. Bayan an gama kuma, kwanon yakan ɗaure tamau a mazauninsa saboda ƙarfin juyin, sai an buga gefensa da tafin hannu kafin ya kwance. Yanzu in burodin da yawa raba kwaɓin nake yi kashi biyu, in bar injin ya huce a tsakani.

Kada a yi sha'awar ƙara gudu don a gama da wuri. KitchenAid da kansa gudu na 2 ya ce a yi amfani da shi wajen kwaɓi mai yis, sauran kamfanoni ma ƙaramin gudu suke shawarta. Bayan wahalar da inji, murza mai sauri tana ɗumama kwaɓi. Masu burodi suna son ya fito daga kwano a wajen digiri 24 zuwa 26. In ya wuce haka sosai, yis zai yi gaggawa, kwaɓin ya kumbura kafin ɗanɗano ya zauna. A lokacin zafi da ruwan sanyi nake kwaɓawa.

Wanda burodi ne babban abin da yake gasawa, kuma da yawa, ina ganin ya tsallake mai ɗaga kai. Akwai wadda kanta a kafe yake, kwanon ne ake ɗagawa da hannun ƙarfe. Ba ta da gaɓar da za ta yi rawa, kwanonta yakan kai lita 6 zuwa 7, sai dai ta fi tsawo da nauyi, kuma zuba kaya ko sauya mabugi bai kai na mai ɗaga kai sauƙi ba. Akwai kuma masu inji a ƙasa. Bosch Universal tana juya mabugi ne daga wani ginshiƙi a tsakiyar kwano. Assistent ta ƙasar Suwidin, wadda aka fara yi a 1940 kuma yanzu ake sayarwa da sunan Ankarsrum, kwanon ne da kansa yake juyawa, wani abin murza yana danna kwaɓin a gefe. Tunda nauyinsu a ƙasa yake ba sa tangaɗi, samansu kuma a buɗe yake. Masu yawan burodi suna yabonsu, ko da yake sai mutum ya koyi hannunsu.

Babban kwano ba kullum yake zama alheri ba. Duk yadda kwano ya ƙara faɗi, haka ƙaramin haɗi yake ɓacewa a ƙasansa. Mai gasa kek ɗaya ko burodi biyu, lita 4 zuwa 5 ya ishe shi. Ya kamata mutum ya tuna abu mafi nauyi da yake kwaɓawa a kai a kai, da abu mafi ƙanƙanta, ya nemi wadda za ta ɗauki duka biyun.

Nauyin miksata ya haura kilo 10. Wannan nauyin ne yake zaunar da ita, shi ne kuma yake hana ɗaga ta. In ba a ware mata wuri a kan tebur ba aka saka ta a kabad, da wuya a riƙa fito da ita. A kuma auna tsakanin tebur da kabad ɗin sama, domin kan yana buƙatar fili in an ɗaga shi. Ƙara tana da ita, musamman a babban gudu, amma ba ta hana hira.

Wanki ba wuya, sai abu ɗaya. Mabugan alminiyon da ba a lulluɓe su da komai ba ba sa shiri da injin wanke kwanuka. Sabulunsa yana sa su yi duhu, su riƙa barin baƙi-baƙi a hannu da cikin kwaɓi. Da hannu ake wanke su a goge nan take. Masu farin lulluɓi kuma yakan ɓare da daɗewa, musamman in mabugin yana gogar ƙasan kwano. In da zaɓi, na ƙarfe mara tsatsa sun fi kwanciyar hankali.

Akwai abu biyu da ba a cika dubawa ba sai an shiga matsala. Miksar da aka yi don Amurka da Kanada wutar bolt 120 take ci, alhali mafi yawan ƙasashen Turai da Afirka da Asiya suna kan 220 zuwa 240. In aka jona ta kai tsaye za ta ƙone, kuma garanti ba ya biyan wannan. A duba takardar da ke manne a ƙasan miksar. Na biyun shi ne kayan gyara. Wasu miksocin ana sanya musu giya ɗaya mai taushi da gangan, don in kwaɓi ya fi ƙarfin inji ita ta fara cinyewa, injin ya tsira. Dabara ce mai kyau matuƙar ana samun giyar a saya. Haka man giris da ke cikin kai: in miksa ta daɗe a ajiye yakan tsinke ya ɗigo ta wajen mabugi, sai a buɗe a sake sabo, irin wanda bai da illa ga abinci. Miksar da ake kwance ta da sukundireba a sauya mata giya da giris za ta daɗe. Wadda aka manne jikinta ba a buɗewa, ranar da ta tsaya shi ke nan.

Kayan ƙari irin su abin niƙa nama da na murza taliya da na yanka kayan lambu ban damu da su ba, kuma ba zan zaɓi miksa saboda su ba. Murfin hana fulawa tashi ma yakan tare hanya, na fi son in fara a gudu na ɗaya in zuba fulawa cokali-cokali. Abu biyu kawai na ƙara saya, kuma kullum suna aiki. Ɗaya mabugi ne mai bakin roba da yake share gefen kwano yana tafiya, wanda ya rage mini yawan tsayawa kankara, ko da yake bai dace da kwaɓi mai tauri ba. Ɗayan kwano ne na biyu, don in kek yana buƙatar a buga farin ƙwai daban, ba sai na juye haɗin bota na wanke na goge kafin in ci gaba ba.