Lesin ɗin shiga NDA da ƙanena ya yi a Agege

Masu ta tambayata kan wurin lesin ɗin nan na Agege da ake shirya yara shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, to ga amsa. Ƙanena ya yi wata huɗu a wurin kuma ni na biya, don haka ina da bakin magana.

Mai wurin dattijo ne, tsohon soja, kowa Baba yake ce masa. Lokacin yaƙin basasa aka ɗauke shi, yana cikin waɗanda aka sallama daga baya. Kafin 1967 sojan Najeriya dududu wajen dubu 10 ne, zuwa 1970 sun kai kusan dubu 250, bariki ba ya ɗaukarsu, sai a zamanin Murtala da Obasanjo, T.Y. Danjuma na shugaban sojan ƙasa, aka shiga rage su sosai. Ranar da na je biyan kuɗi Baba ya zaunar da ni ya fi awa, ya ce ɗana ni ba sallamar ce ta dame ni ba, abin da na gani da idona ne, hafsan da aka yaye cikin gaggawa, wata kaɗan a Kaduna an maƙala masa anini a kafaɗa an tura shi daji, ga jarumta amma bai iya riƙe yaransa ba. A ganinsa rage yawan ne ya sa horo ya dawo da daraja, yanzu kadet, wato ɗalibin NDA, shekara 5 yake yi kafin ya fito.

Shi ya sa wlh ba wasa a wurinsa. Ana idar da asuba sai gudu, wanda ya makara tsallen kwaɗo, ba ruwansa da goslo ko danfo bai zo ba, waya kuwa a ƙofa ake ajiye ta. Yaron da sai Umma ta yayyafa masa ruwa yake tashi, yanzu shi ke tashin gida, har takalmi yake gogewa, abin ya taɓa min zuciya gaskiya.

Inda na ji haushi karatun ne. Malamin lissafi sau da yawa ba ya zuwa, ajin ya matse, in an ɗauke wuta zafi kamar gidan burodi, alhali sai yaro ya ci JAMB da jarabawar tantancewa kafin ma a kira shi intabiyu a duba ƙarfinsa. Na faɗa wa Baba gaba da gaba, bai musa ba, ya ce zai canza malami. Mu dai dole muka ɗauko wani malamin lissafi daban ran Asabar da Lahadi, duk mai kai yaronsa ya sa wannan kuɗin a lissafinsa tun farko.