Hattara da masu wanke jif ɗin da ta sha ambaliya su sayar da ita a matsayin lafiyayya

Salamu alaikum jama'a. Wata biyar ke nan ina riƙe da wannan magana a ciki. Abin da ya sa na fito da ita yau shi ne, jiya da daddare na sake cin karo da tallan mutumin da ya cuce ni. Ya canja lambar waya, ya canja suna, ya saka hoton wata ƙaramar jif fara, amma kalmomin tallan ko wasali bai taɓa ba: "Hannun mutum ɗaya, ba a taɓa buɗe inji ba, mai ita zai yi tafiya ne shi ya sa." Da su ya kama ni, kuma na san yanzu haka akwai wanda ke kallon hoton nan zuciyarsa na raya masa ya kira.

Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi ƙaramar jif ta hannu saboda iyali. Irin waɗannan motoci, su Toyota RAV4 da Honda CR-V da Hyundai Tucson da Nissan X-Trail, kowa na son su, ba sa jimawa a hannun mai sayarwa, kuma 'yan damfara sun san haka sarai. Idan aka ce maka wani zai riga ka, sai ka yarda, don ka san abu ne mai yiwuwa. Da na kira mutumin nan, da ladabi ya amsa, yana ta "ranka ya daɗe". Ya ce mutum uku na kan layi, idan da gaske nake in tura kafin alƙalami ya ajiye mini ita zuwa gobe. Ya turo hoton rahoton tarihin motar, fes, babu hatsari babu komai. Na tura. Daga lokacin da kuɗina ya shiga hannunsa, na daina duban motar da idon mai saye, na koma duban ta da idon wanda ba ya son kuɗinsa ya tafi a banza. Amfanin kafin alƙalami a wurinsu ke nan.

Ya sa mini lokaci da yamma lis, rana ta kusa faɗuwa. Na tarar inji a kunne, wai yana ɗuma mini ita. An wanke ta tana ƙyalli, cikinta kuwa turare har yana hawa kai. Da na ce zan zo da bakanikena washegari, sai ya ce ai ga wani bakanike nan kusa, ya duba mini kyauta. Wannan ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai ya goge, ya ce, "Maigida, wannan ai ka tsinci dami a kala." Daga baya na gane bakinsu ɗaya.

Sati uku motar ba ta nuna komai ba. Sai gilashin ƙofar baya ya fara sauka da kansa. Sai fitilar birki ta kama a dashbod, ta mutu, ta sake kamawa. Wata rana ina tsakiyar titi da yara a baya, sitiyari ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, da ƙyar na gangara gefe. Har yau idan na tuna wannan rana gabana faɗuwa yake.

Da na kai ta wurin bakanikena na gaskiya, bai ma fara da inji ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa. Can kusa da tushe sai ga wani layi ruwan ƙasa ya ratsa shi, busasshiyar laka a ƙasan layin. Ya ce, "Oga, ruwa ya kai nan." Ya ɗaga kafet ɗin gefen direba, soson da ke ƙarƙashi ya yi baƙi da fumfuna, warin da turaren nan ke dannewa ya taso. Ya haska tocila ƙarƙashin kujera, notikan da ke riƙe da ita duk tsatsa, alhali wuri ne da ruwan sama ba ya isa. A but, ramin da ake ajiye tayar ko-ta-kwana akwai yashi laushi a lungunansa. Ya zare wata mahaɗar waya a ƙarƙashin kujerar, ƙarafan cikinta sun yi kore shar. Duk wannan bai ɗauke shi minti ashirin ba.

Ina so ku fahimci dalilin da ya sa irin wannan mota ke yaudarar mutane, don nan ne damfarar ta ke. Ba kullum ruwa ke kashe motar zamani nan take ba. Idan aka busar da ita aka canja mai, tana iya tashi ta yi gudu lafiya lau. Amma wayoyinta a shimfiɗe suke a ƙarƙashin kafet, kuma akwai ƙananan kwamfutoci da dama a ƙasa-ƙasa, har da wadda ke kula da jakar iska, wato wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin hatsari, a motoci da yawa. Danshi ya shiga mahaɗun wayoyin, tsatsa ta fara cin su a hankali, yau wannan ya lalace, bayan wata biyu wancan. Idan ruwan teku ne, gishiri na ƙara wa abin sauri. Ka gyara wannan wancan ya ɓalle, kuma ba wanda zai iya ba ka tabbacin cewa jakar iska za ta buɗe ranar da ake buƙatarta. Mutane na ganin jif na da tsayi, ruwa ba zai kai gare ta ba. Ƙaramar jif ba ta fi mota ta yau da kullum tsayi da wani abin kirki ba, ambaliyar da ta shanye unguwa ba ta san wannan bambanci ba. Wadda ke ja da ƙafa huɗu ma tana da ƙarin wurin shan ruwa, don akwatin giyar da ke juya ƙafafun baya yana da 'yar ƙofar shan iska, ruwa kan bi ta nan ya gauraya da mai. Da aka kwance nawa, man ya fito fari-fari kamar madara.

Kuma motocin nan ba kaɗan ba ne. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey da ta nutsar da birnin Houston na jihar Texas a 2017, da Ian a Florida a 2022, kowacce ta bar motoci masu ɗimbin yawa cikin ruwa a Amurka. Kamfanonin inshora kan biya masu su, a rubuta a takardar motar cewa ta lalace, a kai ta gwanjo. Wannan duk a fili ake yi, ba ɓoye-ɓoye. Cutar tana farawa ne bayan an saye ta a gwanjo da arha: a wanke, a canja kafet, a fesa turare, a kai ta wata jiha ko wata ƙasa inda aka san ba mai bin diddigi, a yi kitso da ƙwarƙwata.

To ina rahoton da ya turo mini? Rahoton na gaskiya ne, amma na wata mota ce daban mai kala ɗaya da tawa. Kowace motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana da lambar shasi da ake kira VIN, haruffa da lambobi 17, tsarin da ake bi tun 1981, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Tana nan a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a madogarar ƙofa. Da na tsaya na gwada ta jikin motar da ta rahoton harafi bayan harafi, na ga farkonsu ɗaya amma lambobin ƙarshe sun sha bamban. Ya san mutum kan kalli huɗu ko biyar na farko ne ya ɗauke kai. Da na saka lambar gaskiya a intanet, sai ga hotunan motata a filin gwanjo, layin ruwa a jikin ƙofa, an rubuta ambaliya ɓaro-ɓaro. A hoton, mitar tafiya na nuna mil 118,000, wato kusan kilomita 190,000. Ranar da na saye ta kilomita 62,000 take nunawa. An mayar da mitar baya, aikin 'yan mintoci ne ga mai na'ura.

Har shekarar ma ƙarya ce. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma a lambar shi ke nuna shekara: F na 2015, G na 2016, H na 2017, J na 2018. Ya ce mini ta 2018 ce, harafi na goma kuwa F ne. Fitilu da bamba kawai aka canja mata don ta yi kama da sabon yayi.

Don Allah duk mai shirin sayen irin wannan mota, kada ka tura ko sisi kafin ka tsaya a gabanta da rana tsaka, da bakaniken da kai ka zo da shi, kai za ka biya shi. Ka ɗauki hoton lambar shasi da hannunka, ka sayi rahoton da kanka a wurare irin su Carfax ko AutoCheck, kada ka karɓi hoton da wani ya turo. Ko rahoton ya fito fes, ka ja bel ɗin nan har ƙarshe, ka ɗaga kafet, ka sunsuna, don ba kowace ambaliya ce ke shiga rahoto ba. Ka ce inji a sanyaye kake son samu, ka taɓa shi ka tabbatar. Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole fitilun dashbod su kama gaba ɗaya, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don ta yi shiru. A jona na'urar bincike a ramin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, za ta nuna idan ba a jima da goge laifuffukan motar ba. Ka gwada robar fedar birki da fatar sitiyari da abin da mita ke faɗa. Motar da ba ta yi nisa ba, fedarta ba ta suɗewa. Sannan sunan da ke takardun mota ya zama shi ne na wanda za ka biya, ka ga katin shaidarsa da idonka. Duk wanda ya hana ka ɗaya daga cikin waɗannan, ko da wane irin daɗin baki, juya ka tafi.

Ni da na kira shi bayan bakanike ya gama, sai ya ce ai a yadda na gan ta na saye ta. Kira na biyu bai ɗauka ba, na uku layin a kashe. Na kai ƙara wurin hukuma da rasit da hotunan gwanjon da duk saƙonnin da muka yi, na kuma kai rahoton sabon tallan ga masu shafin da ya saka shi. Wani ya ba ni shawara in wanke ta in fesa turare in sayar wa wani in rage asara. Ba zan yi ba, don na san abin da na ji ranar da sitiyari ya ƙage da yarana a ciki. Tana nan ajiye na cire batir, mako mai zuwa masu sayen kayan gyara za su zo su duba abin da zai moru a jikinta.